Wa Ke Da Itatuwan Bakin Titi?

Yanzu da damina ta sauka, ba da jimawa ba za mu fara ganin manya a bakin hanyoyi, an naɗe hannun riga, an kama shebur, ana dasa itatuwa ana ɗaukar hoto. Wannan abu ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Amma muna so wanda ya halarci irin wannan biki ya daure ya koma wurin a watan Afrilu, sa'ad da rana ta take tsaka, ya ƙirga abin da ya rage. Sau da yawa ramuka zai tarar, da 'yan ƙirare busassu, da akuya tana tuƙa a gefe.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dashen da aka yi a watan Yuli, ruwan sama zai riƙe shi wata uku. Daga Oktoba har zuwa Mayu kuwa sai abin da aka zuba masa, ga hunturu, ga bazara, ga gara tana cin saiwa, ga dabbobi sakaka cikin gari. Sai ya ƙetare rani biyu ko uku kafin saiwarsa ta nitsa ta kai ga laima, ya iya tsayawa da kansa. Watau dasawa aikin safiya guda ne, reno kuwa aikin shekara uku, kuma renon ne ba a rubuta wa kowa ba.

Mutanen da suka gabace mu sun san wannan. Dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ba itacen ƙasar nan ba ce, asalinta daga wajen Indiya take. Wajen 1928 aka shigo da ita Lardin Barno, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Maiduguri ya ga yadda ta rufe titunan garin. Haka maɗatan da aka jera a unguwar Nasarawa ta Kano, da Kaduna, da Zariya. Ba da kansu suka girma ba. A zamanin En'e akwai malaman daji, akwai leburori masu ban ruwa, akwai kuma hukunci a kan wanda ya sare itace ba da izini ba. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibu ba, gama an yi danniya a cikinsa, amma ta wannan fanni itace yana da mai shi, kuma kowa ya san ƙofar da za a buga in an taɓa shi.

Ko sunayen unguwannin Kano sun isa shaida: Kurnar Asabe, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe, Durumin Iya, Kasuwar Rimi. Da itace ake kwatance, a gindinsa ake ciniki, a inuwarsa dattawa ke sulhu.

To, yau fa na wa ne? Tun da aka yi gyaran 1976, ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora musu gina tituna da magudanan ruwa da lambuna da filayen shan iska, da kula da su. Amma a cikin manyan birane akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai hukumar tsara birni, akwai ma'aikatar ayyuka mai yin hanyoyi, akwai kamfanin wutar lantarki. Kowannensu yana da dalilin sare itace, ba mu kuwa san wanda zai ce shi ne ke da alhakin shayar da shi ba. Abin da ke na kowa, in ba a lura ba, sai ya zama ba na kowa ba.

Ku dubi yadda babban itace ke mutuwa a gari. Mai neman sassaƙe ya zo da dare ya ɓare ɓawon maɗaci, gobe wani ya ƙara, har a zagaye gindin duka. Abincin da ganye ya sarrafa kuwa ta ƙarƙashin ɓawon nan yake bi ya kai ga saiwa, saboda haka in an zagaye shi an yanke wa itacen maƙogwaro ke nan, ko da zai yi shekara yana tsaye da ganye. Mai shago ya zuba siminti har jikin kututture, ruwa ba ya shiga, ƙasa ba ta shan iska. Makanike ya tuttula baƙin mai a gindi. Masu shara su tara bola a jikinsa su cinna wuta. Sa'an nan ma'aikatan lantarki su zo su sassare rassan gefe guda domin waya, su bar shi a karkace, in iskar farkon damina ta taso sai ya faɗa kan gida ko kan mota. Daga nan mutanen unguwa su ce itace masifa ne, a sare sauran. Ga kuma tsadar iskar gas da kananzir, wadda ta mai da gidaje da yawa ga gawayi da makamashi, har busasshen reshe ya zama kuɗi, wanda bai bushe ba ma akwai mai taimaka masa ya bushe.

Wanda ke asara kuwa ba mai mota da na'urar sanyaya ɗaki ba ne. Mai shayi ne, da mai gyaran takalmi, da 'yan makaranta masu dawowa da azahar, da tsohuwar da ke jiran abin hawa a bakin kwalta cikin zafin da kan haura digiri 40. Su inuwa ba ƙawa ba ce a gare su, ita ce rumfarsu.

Muna sane da babban shirin nan na dasa itatuwa a bakin hamada, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na Arewa. Madalla da shi. Amma wancan aikin daji ne, ba shi zai datse reshen da ya ruɓe a ƙofar gidan mutum ba.

Abin da muke roƙon shugabannin ƙananan hukumomi ba mai tsada ba ne. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, lalle kuwa mai neman a sakar masa kuɗi ya kamata ya nuna aikin da zai yi da su. Su fara da ƙidaya. Kowane titi a rubuta itatuwan da ke kansa, da irinsu, da lafiyarsu, a ba mai unguwa kwafe, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ya ɓace. A sa mutum guda da sunansa da albashinsa a kan wannan aiki, tare da 'yan leburori da amalanken ruwa da zarto. Ɗan kwangilar dashe kuma kada a biya shi duka ranar biki, a riƙe rabi sai bayan rani biyu, a biya shi bisa ga abin da ya rayu. In za a faɗaɗa hanya, a sa cikin takardar kwangila tun farko itace nawa za a sare, nawa za a mayar, wa zai shayar.

Akwai kuma batun iri. Dalbejiya tana da juriya, amma in an dasa ta daf da lambatu saiwarta kan fasa shi, kuma ba dabara ba ce gari ya dogara ga iri guda, gama cuta ɗaya sai ta kwashe duka. A haɗa da maɗaci da tsamiya da durumi inda akwai fili, ƙarƙashin waya kuwa a sa gajerun itatuwa.

Masu gidaje da shaguna na bakin titi su ma suna da rabonsu. Bokiti guda na ruwan wanke-wanke kowace yamma, da 'yar ƙaya ko tsohon kwando a kewaye, ya ishi dashe ƙetare bazara. Amma sai hukuma ta zo ta ce wa mutum, wannan naka ne, ga lambarsa, za mu dawo mu duba a watan Mayu.