Jam'iyyar Manoma Ma Tana Bukatar Awo Kamar Gona

A Rothamsted ta ƙasar Ingila akwai gonar alkama da aka fara gwajin taki a cikinta tun 1843, har yau ba a daina ba. A Samaru ta Zariya ma an kafa irin wannan gwaji a 1950, ana gwada takin shanu da takin zamani a fili ɗaya, shekara bayan shekara. Dalili kuwa, damina ɗaya ba ta isa shaida.

To, abin da ake yi wa ƙasa ya kamata a yi wa jam'iyyun gama kai na manoma. Tun 1935 aka yi dokar kafa su a Nijeriya, amma sau da yawa jam'iyya takan mutu da kuɗin talakawa a cikinta, ba wanda ya san lokacin da ciwon ya kama ta.

Maganin wannan shi ne bincike mai dogon zango, wanda aka tsara tun daga farko. A zaɓi jam'iyyu manya da ƙanana, na bakin hanya da na lungu. Kowace shekara bayan kaka a yi musu tambayoyi iri ɗaya: mutum nawa ke ciki, nawa ke zuwa taro, bashin nawa aka bayar, nawa aka biya, wa ke shugabanci, yaya aka naɗa shi.

Kada a sāke mudu a tsakiyar awo. A 1973 fam ya koma naira, darajar kuɗi kuma kullum sauyawa take yi, saboda haka a rubuta yawan buhuna kusa da kuɗi. A rubuta kuma abin da ya auku a ƙasa, kamar farin 1973, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, don kada a ɗora wa magatakarda laifin fari.

Mafi muhimmanci, jam'iyyar da ta mutu kada a soke sunanta. Wanda ya ƙidaya rayayyu kaɗai zai zaci kowa lafiya yake, alhali darasin yana wurin waɗanda suka faɗi.

Malamin gona akan yi masa canji, magatakarda yakan tsufa. Saboda haka littafin ya zama biyu, ɗaya a ƙauye, ɗaya a ofis, yadda wanda ya gaje su zai ɗora daga inda suka tsaya. Manomin da zai zuba kuɗinsa kuwa, ya nemi a buɗe masa littafin tukuna.