Kwana a Tantin Alfarma a Gaɓar Ada: Fa'idodi da Illoli

Kimanin kilomita 100 gabas da birnin Accra akwai garin Ada Foah, inda Kogin Volta ke ƙare tafiyarsa ya faɗa Tekun Atilantika. Siririn tudun yashi ne ya raba ruwan biyu: nan teku na tumbatsa, can kogi na kwance da tsibirai da itatuwan kwakwa. Duk ƙarshen mako ayarin matasa da ma'aikata kan baro birni su zo su kwana a kan yashin. Wasu bukkar ganyen kwakwa ta ishe su. Wasu kuwa sai tantin alfarma, wanda a waje tanti ne, a ciki kuma ɗakin otal: gado, katifa, farin zanen gado, fanka, wani lokaci har da banɗaki. Tun da Ghana ta yi shekarar gayyatar jikokin bayi su dawo gida a 2019, harkar baƙi ta ƙara kauri, musamman a watan Disamba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga arzikin wannan gaɓa. Gishirin tafkin Songor da ke kusa da Ada shi a da ake lodawa a kwalekwale a haura Volta da shi zuwa Kete-Krachi da Salaga, kasuwannin da fataken Kano da Katsina ke zuwa sayen goro. Yau jikokinsu na zangon Nima da Madina a Accra na cikin masu haɗa kuɗin mota su tafi shan iska.

Fa'idar farko ƙasar ce da kanta ke nuna ta. Gaɓar Ada ba ta zaune wuri guda. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, yashi da lakar da kogin ke kawowa bakin teku suka ragu ƙwarai, teku ta shiga cin ƙasa babu mai mayar mata da gurbi. Ta rushe gidaje a Totope, ta kori mutanen Fuveme a ɗaya gefen bakin kogin, sai da gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa wajen jera duwatsu don kare garin Ada. A irin wannan wuri, wanda ya zuba kankare hawa uku caca yake yi. Tanti kuwa ana kwance shi a yini guda a matsa da shi baya, ba a bar ɓaraguzai da rodi masu tsatsa cikin ruwa ba. A nan masu tanti sun fi masu otal hankali, babu ja.

Sai kuɗin da ke sauka hannun mutanen gari. Mai kwalekwale ya samu haya, matar da ke gasa karfasa ta samu ciniki, haka masu kwakwa da matasan da ke raka baƙi tsibirai. Tafiyar ayari na sauƙaƙa nauyi, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, goma sun raba shi. Mata da dama da ba za a bari su yi irin wannan tafiya su kaɗai ba, cikin ayarin 'yan uwa ko abokan aiki suna samun zuwa. Ga dattijon da ke son ganin teku amma bayansa ba zai lamunci kwanan tabarma ba, shi ma an yi masa hanya.

Babbar fa'idar a ganina ta kunkurun teku ce. Nau'i uku ne ke fitowa yashin Ada da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, ciki har da ƙaton nan mai bayan fata maimakon ƙoƙo, wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Dokar Ghana ta hana kama su tun 1971, an sa yankin Songor cikin jerin dausayoyin da duniya ke karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 1992, hukumar UNESCO kuma ta ba shi matsayi na musamman a 2011. Amma doka a takarda ba ta cika cikin masuncin da kunkuru ya yaga wa taru. Abin da ke sauya lissafinsa shi ne ya ga baƙi suna biyan kuɗi don ma'aikatan gandun daji su raka su kallon dabbar da rai, ɗansa kuma ya samu aikin rakiya.

To, a daidai nan illar ta ɓuya. Tantin bai da nauyi, kayan da ke bin sa ne masu nauyi. Wanda ya biya kuɗin alfarma yana son fanka ta kwana tana juyawa, a yi cajin waya, a sha ruwan sanyi, a ƙawata wurin da fitilu don hoto. Sai janareta ya shigo, sai lasifika. Uwar kunkuru in ta tarar da haske da hayaniya takan koma ruwa ba ta zuba ƙwan ba. 'Ya'yan kuma, bayan kusan wata biyu a cikin yashi, in sun ƙyanƙyashe sukan nufi inda ya fi haske, wanda a asali sararin saman teku ne. Fitilar sansani na juya su su nufi tudu, inda karnuka da hankaki da zafin rana ke jiran su. Baƙon ya zo ne don ƙaunar halitta, bai ma san abin da ƙwan fitilarsa ya yi ba.

Banɗaki ma magana ce da tallar ba ta taɓowa. Yashi ba ya riƙe ƙazanta. Shaddar da aka haƙa a siririn tudu tsakanin kogi da teku, abin da ke cikinta ruwa zai bi, ruwan da mutanen ƙauye ke wanka da wanki a ciki. Ƙara da ledojin ruwa da robobin da ayarin mutum hamsin ke bari, a wurin da motar kwashe shara ba ta isa.

Illar da ta fi damuna ita ce ta shinge. Kalmar da ake sayar da tantin alfarma da ita ita ce keɓewa: wuri shiru, babu mai damun ka. Amma babu gaɓar da ba ta da masu ita. A nan masunta ke jan taru, a nan suke jingine kwalekwale, a nan ake shanya kifi. Da zarar mai jari ya karɓi fili a hannun wani basarake, sai a kafa shinge da mai gadi, wanda kakanninsa suka yi su a wurin ya koma mai neman izinin wucewa. Kuɗin kwanan kuma yawanci a Accra ake biyan su ta waya ga mai shirya tafiya, wanda kan zo da abincinsa da mai dafa shi. In haka ta faru, abin da ya rage wa ƙauye shi ne share yashi.

Akwai kuma haɗarin da ke kan baƙon. Tekun wannan gaɓa na da ja mai ƙarfi, ba irin kududdufin da ɗan Arewa ya saba da shi ba ne, kuma ayari kan sa wa mutum ƙarfin halin da ba nasa ba. A bakin kogi igiya da ruwan Volta ke karo, kwalekwale mai lodi babu rigar kariya ba abin shiga ba ne. Sauro na nan, ruwan ƙasan Volta kuma an san shi da tsargiya tun bayan gina madatsar.

Da za a tambaye ni, zan ce a je, amma a yi ciniki da ido buɗe. Ayari kada ya wuce abin da kwalekwale ɗaya zai ɗauka cikin natsuwa. A tambayi mai sansani ina ruwan banɗakinsa ke zuwa, su wa ke masa aiki, ƙarfe nawa yake kashe fitilun da ke kallon teku. Tambaya ta ƙarshen nan ta fi matsawa a Disamba, domin watan da baƙi suka fi cika gaɓar Ada ya faɗo ne tsakiyar lokacin da kunkuru ke fitowa zuba ƙwai.