Gajeren kiɗan jita ya fi dogo wuya

A tsakiyar yawancin waƙoƙin rok da buluz akwai lokacin da mawaƙi kan yi shiru, a bar wa mai jita ko mai jitar bas fili ya yi nasa zancen da tsirkiya. Wannan shi ne kiɗan tilo. Masu sauraro da dama kan auna gwanintar makaɗi da tsawon wannan fili da saurin yatsunsa a cikinsa, kuma bidiyoyin YouTube da Instagram sun ƙara ƙarfafa wannan ma'auni a zukatan masu koyo. Ma'aunin yana da gyara, domin kiɗan tilon da ya fi daɗewa a kunnen mutane galibi gajere ne, wani ma bai kai rabin minti ba.

Asalin gajartar daga na'ura ne. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowane gefe. Ko da kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949, gidajen rediyon Amurka sun ci gaba da fifita waƙa mai wannan tsawon. Saboda haka mai jita kan sami zagaye ɗaya ko biyu na gaɓoɓi 12 da aka gina buluz a kansu, dole ya zaɓi abin da zai faɗa tun kafin ya taɓa tsirkiya. Ƙuncin wuri ya zama makaranta.

B.B. King, ɗan jihar Misisipi, yana cikin manyan ɗaliban wannan makaranta. Ba ya haɗa rera waƙa da kaɗa jita a lokaci guda: yakan rera baiti, jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta yi masa amshi. A waƙarsa "The Thrill Is Gone" ta 1969, yakan riƙe sauti ɗaya yana girgiza shi da yatsa, sannan ya bar tazara kafin na gaba. Baƙin cikin rabuwar da waƙar ke magana a kai yana fitowa daga tazarar kamar yadda yake fitowa daga sautin. A shekarar ce kuma George Harrison ya tsara wa waƙar "Something" ta ƙungiyar Beatles kiɗan tilon da mai sauraro ke iya rerawa da baki bayan ji biyu ko uku. Neil Young ya wuce su duka a tsumulmula, domin a "Cinnamon Girl", ita ma ta 1969, kusan sauti ɗaya ya yi ta maimaitawa, kuma ya wadatar.

Jitar bas ta fi nuna wannan darasi, kasancewar aikinta ɗaukar nauyin waƙa ne daga ƙasa, ba a saba jin ta a gaba ba. A 1965, John Entwistle na ƙungiyar The Who ta Ingila ya yi amfani da 'yan gajerun gurabe huɗu a waƙar "My Generation", kowanne na 'yan daƙiƙoƙi, ya nuna cewa bas ma tana da baki. A 1986, Bakithi Kumalo ɗan Afirka ta Kudu ya yi wani wanda ya fi wannan gajarta a waƙar Paul Simon "You Can Call Me Al". Rabin farko kaɗai ya kaɗa. Rabi na biyu wannan sautin ne aka juya tef ɗinsa ya tafi da baya. 'Yan daƙiƙoƙin nan suna cikin abubuwan da aka fi tunawa da faifan Graceland.

Dogon kiɗa yana da nasa hujja. "Machine Gun" ta Jimi Hendrix, wadda aka ɗauka a gaban jama'a a New York ranar 1 ga Janairun 1970, ta haura minti 12, kuma tsawon ya dace da ita, domin ƙarar bindiga da kukan yaƙin Biyetnam yake zanawa. Sai dai makaɗa da yawa da suka biyo baya sun ɗauki tsawon, sun bar dalilin. Dogon fili kan rufa wa mai laluben abin faɗa asiri, yana iya yin kuskure ya gyara a zagaye na gaba. A cikin daƙiƙa 20 kuwa kowane sauti a fili yake.

Ga mai koyon jita a yau, jarrabawar mai sauƙin bayani ce: ya kaɗa abinsa sau ɗaya, ya ajiye jitar, ya ga ko wanda ya saurara zai iya rera shi washegari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.