Martani: Fankar Lantarki Ba Kyauta Take Juyawa Ba

Fankar da fambel ke juyawa daga injin take samun ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma ra'ayin da wani marubuci ya buga, wai a cire ta a sa ta lantarki mota ta huta da shan mai, ya tsallake abu ɗaya: wa ke ciyar da sabuwar? Altaneta ne, shi ma bel ɗin injin ke juya shi. Babbar fanka tana iya jan amfiya 20 ko fiye, tsohon altaneta kuwa ba don wannan nauyi aka ƙera shi ba.

Sannan fankar Hilux da Land Cruiser tana da kuloci mai man silikon, wanda ke sassauta ta idan injin bai ɗau zafi ba. Asarar da ake kuka da ita an riga an rage ta.

Inda ta lantarki ta yi fice shi ne cunkoso, lokacin da injin ke tafiya a hankali. Nan ma sai an haɗa ta da fis, da rile, da makunnin da ke jin zafin ruwa, da murfin da ke tattara iska ta lagireto. Waya ɗaya ta tsinke a zafin Afrilu na Sakkwato, gasket ya ƙone.