Matafiyi, kada ƙara ta ruɗe ka wajen sayen lasifika

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka don ya nuna wa mutum goma bidiyo ya san muryarta ba ta kai wa bayan ɗaki. Kamfanoni suna ta rage kaurin kwamfuta, alhali lasifika sai da sarari take iya tura iska. Saboda haka malami, ɗan jarida ko ma'aikacin da ke yawo gari-gari yana da hujjar neman 'yar lasifikar jefawa a jaka. Wajen zaɓe ne ake yin ɓatan kai. Mai shago ya ƙure ƙara, kiɗa na dukan ƙirji, mai saye ya leƙa adadin wat a jikin kwali, ya zaro kuɗi. A ganina, waɗannan biyun, ƙara da wat, su ne ma'aunan da suka fi rashin amfani ga mai tafiya.

Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ke ƙaruwa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau 10. Ga shi kuma wasu kwalaye suna ɗauke da manyan lambobi da aka rubuta wa PMPO, ma'aunin da kowane kamfani ke lissafa shi yadda ya ga dama. Wanda ake iya dogaro da shi shi ne RMS. JBL Go 3, wadda ta fito a 2020, wat 4.2 gare ta, nauyinta gram 209, kuma ta ishi ɗakin otal. Mu kuma tambayi kanmu, me ake saurara a hanya? Darasi ne, taron intanet, labarai, karatun Alƙur'ani, wato galibi magana. Tarho ya daɗe yana isar da muryar mutum tsakanin hez 300 zuwa 3,400 ana ganewa. Abin nema ke nan, murya tangaran ba karkarwa, kuma da magana ake gwada ta, ba da ganga ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne kafofin da ke jikin lasifikar. Bluetooth yana jinkirta sauti, har a ga leɓen mai magana ya riga muryarsa. Kafar kebul ta milimita 3.5 tana kawar da wannan, sai dai ta fara ɓacewa: JBL Go 2 tana da ita, Go 3 ba ta da ita. Kafar caji ta zama USB-C, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙananan na'urori tun 28 ga Disamba, 2024, domin caja ɗaya ta wadatar da waya da lasifika. Sai batun ƙura, wanda ya shafe mu kai tsaye. Lambar IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma lasifikar za ta jure ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IPX7 kuwa ruwa kawai aka gwada ta da shi. Wanda zai bi hanyar Kano zuwa Maiduguri da hunturu ya san wacce ta dace da shi.

Wani zai ce abin saƙalawa a kunne ya wadatar. Gaskiya ne idan kai kaɗai ne, kuma a cikin mota ko jirgi shi ne ma ladabi, don ba daidai ba ne a cika wa fasinjoji kunne. Amma ba ya koyar da aji. Wani kuma zai ce mai arha ma tana yi. Tana yi a shago; batirinta ne abin tambaya, tunda awannin da ake rubutawa a kwali ba a ƙurarriyar ƙara aka auna su ba, kuma ba kowane masauki ne ke da wuta da dare ba.

Don haka mai karatu, ka je shago da kwamfutarka, ka haɗa su, ka kunna magana, ka ja da baya taku biyar ka saurara. In ka ji kowace kalma, sai ka duba kafofi da lambar IP kafin ka fara ciniki.