Masu Cewa Hutu Muke Yi A Turai, Ku Saurara

Wai har yanzu akwai masu rubuta cewa ɗaliban digirin digirgir a waje yawon buɗe ido suka tafi da kuɗin talakawa. Haba jama'a! Shekarata ta uku ke nan a Heidelberg ta Jamus ina binciken ƙwayoyin halitta, bari in faɗa muku irin "hutun".

Ƙwayoyin da muke reno a ɗakin gwaji ba su san Lahadi ba, ba su san Sallah ba. Duk kwana 2 ko 3 sai ka canja musu ruwan abinci, in ka yi sake ƙwayar cuta ta shiga, aikin wata guda ya bi ruwa. Gwaji ɗaya sai ka maimaita sau uku kafin malaminka ya ko kalle shi. Da hunturu kuwa ka shiga da duhu ka fito da duhu.

Sannan a ce me zai amfana mana? Kun manta 2020? Farkon korona samfurin Kano sai an kai Abuja kafin a ji sakamako. Gwajin PCR ɗin da ake jira, shi muke yi kullum kamar shan ruwa. Da shi ake gano zazzaɓin Lassa.

Masu cewa mu dawo gida, za mu dawo insha Allahu. Amma samfurinmu a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili yake kwana. A ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai, wahalar shekara huɗu ta ruɓe. Wannan za ku tsare masu neman ƙuri'arku da shi, ku ƙyale hotonmu da rigar sanyi.