Hawan Jini Ba Ya Jiran Furfura

 Ina so in yi magana bisa wata cuta wadda muka ɗauka ta dattawa ce kaɗai, watau hawan jini, alhali kuwa tana kama samari da 'yan mata tun ba su cika shekara 20 ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani almajirina ɗan shekara 16 ya wayi gari fuska a kumbure, kai yana sara, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Wasu suka ce sammu ne. Da muka kai shi asibiti aka ɗaura masa ma'auni a damtse, sai aka ce jininsa ya hau. Likita ya bayyana mini cewa ƙazuwar da ya daɗe yana sosawa ce ta zama miki, ƙwayar cuta ta shiga, daga bisani abin ya taɓa ƙoda, ƙoda kuwa in ta taɓu sai jini ya hau. Yaron ya warke, amma laifin nawa ne, gama na ga ƙurajen nan makonni ban kula ba.

Ku sani, ya 'yan'uwa, zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda a ke tura ruwa cikin bututu. In ƙarfin turawar ya wuce kima, kuma ya dawwama, sai ya gajiyar da zuciya, ya ɓata ƙoda da idanu, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ma'auni yana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. A shekarar 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙayyade cewa wanda ya kai shekara 13, in jininsa ya kai 130 bisa 80, to ya hau. Amma ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita a ranaku uku dabam dabam. Almajirina ya yi sa'a da ciwonsa ya nuna alama. Galibi cutar ba ta sallama, yaro yana wasa yana dariya tana cinsa, sai awo ne kaɗai ke tona asirinta.

Sabubbanta kuwa, akwai gado, in uwa ko uba suna da ita. Akwai ƙiba da yawan zama, yaro ya wuni bisa benci a shago yana latsa waya, ga lemon kwalba a gefe. Akwai taba da shisha, da abin shan nan na gwangwani da a ke cewa yana ƙara kuzari. Akwai ƙwayar sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke haɗiya don su yi jiki. Sa'an nan yarinya mai ƙananan shekaru, in ta ɗauki cikin fari, jininta na iya hawa har ya kai ta ga jijjiga, abin da ke halaka uwa da ɗa.

Akwai kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, yaro kuma ƙasa da haka. To, ku duba tukunyarmu. An zuba gishiri, an marmasa dunƙule wanda kusan rabinsa gishiri ne, an jefa kanwa wadda ita ma 'yar'uwarsa ce, ga yajin tsire, ga ƙullin garin da ke cikin taliyar leda.

Wani zai ce, ina almajiri mai neman ƙanzo, ina cutar masu ƙiba? Amsa ita ce, ɗan attajiri ƙoshi ke kai shi, ɗan talaka kuwa miki da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Hanya biyu ce, masauki ɗaya.

Saboda haka, ya malamai, yaran nan amana ce a hannunmu. Mu duba fatarsu kamar yadda mu ke duba allunansu. Wanda ya yi ƙazuwa ko kumburin fuska a kai shi asibiti, addu'a ba ta hana neman magani. Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku sayar wa yaro taba, ko ƙwaya ba da takardar likita ba, gama ribar kwabo ba ta fansar ƙoda. Ku sa a rage gishiri da dunƙule a gidajenku, daddawa da albasa sun isa ɗanɗano. Ku kai 'ya'yanku a auna su ko sau ɗaya a shekara, da abin ɗaurawa daidai damtsensu, mai ciki kuwa kada a hana ta zuwa awo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wassalam.